Zaɓen azarar ƙarfe da za ta ɗauki ƙugiyar sama a masana'anta

Duk mai shirin sanya ƙugiya, wato na'urar ɗaga kaya masu nauyi, mai gudu a kan dogo a cikin sito ko masana'anta a Garwa, Marwa ko Njamena, ya kamata ya fara karɓar takardar nauyin tayoyi daga kamfanin da ya ƙera ƙugiyar kafin ya tambayi farashin ƙarfe. Cewa ƙugiya ta tan 10 ce bai wadatar ba, domin idan aka janyo kaya zuwa gefe ɗaya, tayoyin wannan gefen ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin, ga kuma nauyin ƙugiyar kanta da fizgar da ake samu lokacin ɗagawa. Injiniyoyin Kamaru da Chadi sukan bi ƙa'idodin Turai: EN 1991-3 ta fayyace nauyin, EN 1993-6 kuma ta tsara azarar da dogon ke zaune a kanta.

Zaɓi mafi arha shi ne IPE, wato ƙarfe mai siffar harafin I, amma fuskarsa ta sama siririya ce, kuma ƙugiya ba ƙasa kaɗai take dannawa ba. Duk lokacin da ta tashi, ta taka birki, ko ta karkace a kan dogo, tana tura azarar gefe, kuma a nan ne IPE ke murɗewa. Shi ya sa ake kifa masa UPN, wato ƙarfe mai siffar harafin U, a kai a yi walda, wanda ke ƙara aiki da kuɗi. HEA da HEB, ƙarafa masu siffar harafin H, masu faɗin fuska ne, sun fi jure wannan turi, sai dai nauyinsu ya fi: IPE 300 yana da kilo 42 a mita, HEA 300 kilo 88, HEB 300 kilo 117. Tun da ƙarfen daga Duwala yake zuwa, ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere sannan a bisa tirela, kowane kilo kuɗin dako ne. Duk da haka, ga ƙugiya matsakaiciya da tazarar mita 6 tsakanin ginshiƙai, ni HEA zan ba da shawara, domin ba ya dogara ga gwanintar mai walda.

Azarar da ake haɗawa da farantan ƙarfe ta hanyar walda ta dace da tazara mai tsawo da aiki mai nauyi, kamar na masana'antar siminti, amma gajiyar ƙarfe kan fara tsagewa daidai inda waldar fuskar sama ta haɗu da cibiya (farantin tsakiya da ke tsaye), ƙarƙashin taya. Idan ba a da hanyar gwada waldar, gara a haƙura da ita.

Sau da yawa lanƙwasa ce ke yanke hukunci, ba ƙarfi ba. Ƙa'ida ta taƙaita ta zuwa kashi ɗaya cikin 600 na tazarar, wato milimita 10 a mita 6.

Game da dogo, sandar ƙarfe da aka liƙa da walda ta fi sauƙi, amma idan ta cinye, kuma ƙurar hunturu tana gaggauta hakan, sai an yanke ta da wuta. Dogon ƙugiya samfurin A45 ko A55 da ake matsewa da maƙalai ana iya daidaita shi ko a sauya shi, yana kuma barin ƙarfe ya miƙe: layin mita 60 yakan ƙaru da kusan milimita 22 idan zafi ya hau da digiri 30, abin da ba baƙo ba ne tsakanin daren Janairu da tsakar ranar Afrilu a Garwa.