Sharhi kan shafin intanet da aka haɗa wa injin shinkafarmu a Kura

Injin casar shinkafa muke da shi a Kura, ni da ƙanena. Muna sayen shanshera a hannun manoman Kadawa da Garun Malam, mata su turara, mu cashe, mu cire tsakuwa, mu zuba a buhu mai kilo 50 da mai 25. Shekara da shekaru dillalai ne ke kwashe kayan. Bara wani matashi daga Kano ya haɗa mana shafin intanet, ladan aikinsa bai wuce kuɗin buhu biyu ba. Abokan sana'a sun dame ni da tambayar ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ta biya, amma ba da fasalin da ya fara kawowa ba. A kwamfutarsa abin gwanin sha'awa ne, manyan hotuna na juyawa, ga dogon Turanci. A wayata kuwa, da sabis ɗinmu mai hawa da sauka, sai ka yi ta kallon farin allo, data na ƙonewa. Na ce masa, "Malam, mai neman shinkafa ba zai tsaya jiran wannan ba." Bai yi gardama ba. Ya rage nauyin hotunan, ya mayar da komai shafi guda, Hausa a sama, Turanci a ƙasa. Nan na yaba masa.

Abin da ya fi jawo ciniki shi ne farashi a fili. Ƙanena ya ƙi da farko, wai maƙwabta za su gani su karya mana kasuwa. To ai maƙwabta sun riga sun san farashinmu. Wanda bai sani ba shi ne mai gidan abinci a Kaduna ko Abuja, kuma shi idan bai ga kuɗi ba wucewa zai yi. Tunda ruwan madatsar Tiga ya sa ana noman rani a yankinmu, sabuwar shinkafa kan shigo rani da damina, farashi ba ya zama wuri ɗaya. Shi ya sa muke rubuta kuɗin shinkafa irin jamila daban, na irin sipi daban, da kwanan watan da aka sa shi, kuma matashin ya koya mini yadda zan sauya daga waya. A ƙarƙashin farashin akwai koren maɓalli, kana taɓawa ya kai ka WhatsApp ɗinmu da sallama a rubuce, kai dai ka faɗi buhu nawa da garin da kake. Fam ɗin da ya saka na cike suna da imel, har yau ban ga wanda ya cike shi ba. Mutanenmu saƙon murya suka fi ganewa.

Sai maganar amana. Tun ƙarancin takardun naira na 2023 mutane suka saba da transfa, sai dai tsoron 'yan damfara bai bar su ba, kuma da gaskiyarsu. Mun sa lambar rajistarmu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sunan asusun banki ya zo daidai da sunan sana'ar, ga wurin injin a Google Maps da hoton ƙofarsa. Mun kuma bayyana cewa kuɗin mota na mai saye ne, kuma da an yi lodi za mu tura masa hoton kayan da lambar direba. Wata Hajiya mai sayar da abinci ta turo ƙanin mijinta ya bi taswirar har bakin injin kafin ta biya. Yanzu ba ta turo kowa, alat kawai muke gani.

Inda ban gamsu ba, matashin ya ce mana za mu hau saman Google, ban ga haka ba. Yawancin masu shigowa daga gajerun bidiyon casa da muke sakawa a Facebook da TikTok suke zuwa, wasu kuma daga adireshin da muka buga a jikin buhu. Sannan adireshin nan mai ƙarewa da .com.ng haya ce, duk shekara ake sabuntawa, kuma da imel ɗinsa ya yi rajistar. Sai da na yi ta bin sa kafin ya mayar da shi sunanmu. Duk wanda zai ba da irin wannan aiki ya gama wannan maganar kafin ya cika kuɗi.

Mai shagon da 'yan unguwa ne abokan cinikinsa, WhatsApp Business ya ishe shi, kyauta ne, kuma yana da wurin jera kaya da farashi. Shafi na wanda kayansa ke hawa mota ne. Shi ma ya tanadi mai riƙe waya, don ƙarar inji ba ta barin mu ji kira, mai tambaya kuma idan ya ji shiru wani injin zai nema. Ɗan yayata muka ɗora a kai, muna ba shi wani abu a kan kowane buhu da aka saya ta hannunsa.