Na gwada irin rutabaga a garkarmu ta Tawa

Duk wanda ya iya noman shu (kabeji) da karoti a lokacin sanyi zai iya noman rutabaga, muddin bai makara da shuka ba. Ƙanena da ke Faransa ne ya aiko mini da 'yar takardar iri, samfurin Wilhelmsburger, tsohon iri na Jamus mai koren wuya da ciki rawaya. Ga wanda bai san ta ba, saiwa ce mai ƙunzugu, asalinta haɗin shu ne da nabe, wata saiwar lambu dangin shu. Wani masanin tsirrai ɗan Suwizalan, Gaspard Bauhin, ya rubuta bayaninta tun 1620. A Jamus ita ta riƙe mutane a yunwar lokacin sanyi ta 1916 zuwa 1917, shi ya sa tsofaffin can suka daɗe suna kallonta a matsayin abincin wahala. Ni dai ban ga wahala a bakina ba.

Irin kansa ba shi da laifi. Ƙwayoyin baƙaƙe ne ƙanana kamar na shu, kuma kusan duka suka tsiro cikin mako guda. Na shuka a farkon Nuwamba, kai tsaye cikin fangali, don ba ta son dashe. Zurfin santimita 1 zuwa 2 ya isa. Da suka yi ganye huɗu na rage su, na bar wajen santimita 25 tsakani. A nan ake buƙatar ƙarfin zuciya, domin hannu ba ya son tsige tsiro mai lafiya, amma idan aka bar su a cunkushe ganye kawai za a samu.

Ruwa shi ne babban sharaɗi. Ba ta son ƙishi yau, ambaliya gobe. Saiwar takan tsage ko ta yi itace. Tsutsar da ke cin shu ita ma ta zo, da ƙananan ƙwarin nan masu maƙalewa a bayan ganye. Ruwan 'ya'yan dogon yaro da na riƙa fesawa da yamma ya rage su sosai.

Tana ɗaukar wata uku zuwa huɗu. Waɗanda na cire a tsakiyar Fabrairu sun fi daɗi. Da ka yanka sai ka ga cikin rawaya garau, da ɗan warin shu, in ya dahu kuma sai zaƙi ya fito. Maiɗakina ta sa shi a miyar nama tare da dankali, yara suka cinye ba tare da sun tambayi mene ne ba. Ganyen ma mun dafa, ya yi kyau a kwaɗo. Ragowar da suka kai Maris, da zafi ya fara, sun yi ɗaci da tauri.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar ajiye iri. Amfanin tsohon iri ai shi ne ka samu naka, kamar yadda manoman Galmi ke mayar da albasa ƙasa su fitar da irinsu. Rutabaga sai a shekara ta biyu take fure, kuma sai ta sha makonni na sanyi mai tsanani, wanda hunturunmu bai kai ba. Saiwar ma ba za ta tsallake zafin Afrilu da Mayu ba. Ke nan kowace shekara sai an aiko da sabon iri daga waje.

Na kai kaɗan kasuwa don in ji bakin mutane. Wata dattijuwa ta juya shi a hannu ta ce, "Ɗana, wannan rogo ne ko mene ne?" Ba ta saya ba. Don haka ban ba mai neman kuɗi shawarar ya ba ta fili ba. Amma mai son sabon abu a tukunyar gidansa, fangali ɗaya ya ishe shi, kuma ya tabbata ya shuka kafin tsakiyar Nuwamba.