Allurar Shingrix: Abin da Jikina Ya Ji Bayan Na Yi Ta

Allurar Shingrix, rigakafin cutar shingils mai fitar da ƙuraje masu raɗaɗi, tana da zafi, kuma gara a gaya wa mutum tun kafin ya miƙa dantse. A nan Amurka na yi ta, inda ake yi wa duk wanda ya kai shekara 50, da 'yan shekara 19 zuwa sama waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Sau biyu ake yi, ana barin wata 2 zuwa 6 a tsakani.

Ta farko da sauƙi. Dantse ya yi tsami, wurin ya kumbura ya yi ja, kwanciya ta wannan gefen ta gagara. Ta biyun ce ta kayar da ni. Da magariba sanyi ya rufe ni har haƙora na haɗuwa, sai zazzaɓi da ciwon kai, gaɓoɓi kuma kamar na wuni ina daka. Sallar asuba a zaune na yi ta. Parasitamol da ruwa da barci suka taimaka. Yawanci abin yana wucewa cikin kwana 2 zuwa 3, kuma a gwajin allurar kusan mutum 1 cikin 6 ya kasa harkokinsa na ɗan lokaci. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta, don haka ba za ta sa maka cutar ba. Sinadarin da aka haɗa don tayar da garkuwar jiki ne ke jawo wahalar.

Duk da haka ban yi nadama ba, domin na ga shingils a jikin yayata. Ƙwayar ƙarambau ce da mutum ya yi tun yana yaro take ɓuya a jijiya, sai girma ya zo ta farka. Ƙuraje suka fito mata a gefe ɗaya na haƙarƙari, suka warke, amma raɗaɗin ya zauna mata watanni, ko riga ta taɓa wurin sai ta yi hawaye. Allurar tana kare mutumin da garkuwar jikinsa ke da ƙarfi fiye da kashi 90 cikin 100.

A zaɓi ranar da babu aiki washegari, a miƙa hannun da ba a cika aiki da shi ba, kuma kada zafin ta farko ya hana komawa ta biyu. Idan fuska ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya yi wuya, ko ƙafafu suka fara mutuwa raunin yana hawa sama, a garzaya asibiti nan take.