Mako uku da yarona ya yi a hannun tsohon sojan ruwa a Yawuri

Yarona na biyu ya kafe sai ya zama hafsan sojan ruwa, alhali ruwan da ya sani bai wuce na bokiti ba. A Birnin Kebbi muke, ni sana'ata sayar da shinkafa. Ya cike takardar neman shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, ya zaɓi ɓangaren ruwa, sai wani abokin cinikina ya ba ni labarin wani dattijo a Yelwan Yawuri, tsohon sojan ruwa, da ke tara matasa a dogon hutu yana koya musu ruwa. Na biya naira dubu arba'in na mako uku, da kwana da abinci sau biyu.

Ranar da na kai shi na yini a bakin kogi, don ba zan miƙa ɗana ga kogin Neja da damina in juya baya ba. Su goma sha ɗaya ne. Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne dattijon bai jefa kowa a ruwa ba. A wani lungu ya tsayar da su, inda ruwa ya kai ƙirji, ya ba kowa gora irin ta masunta ya rungume, Sarkawa biyu na shawagi a kwalekwale kusa da su. Sai a kwana na huɗu aka karɓe gorar. Ya ce min, "Alhaji, iyo ba shi ne farko ba, sai yaro ya daina kokawa da ruwa tukuna." Na ga gaskiyar hakan, don yarona da ya shiga yana haɗiyar ruwa yana kiran "Baba", ranar da na je ɗaukarsa ya yi iyo ya je wani ɗan tsibiri ya dawo, ya fito yana dariya.

Bayan sallar asuba gudu ne, sai ruwa har rana ta ɗaga. Da yamma ƙulle-ƙullen igiya, riƙon filafili, yadda ake ɗauko wanda ya nutse ta baya don kada ya shaƙe ka, da yadda ake zama a jirgi ba a karkata shi ba. Wannan na ƙarshen ya fi taɓa ni. Duk ɗan Kebbi bai manta jirgin da ya nutse kusa da Warrah a 2021 ba, da ɗimbin rayukan da suka tafi.

Dattijon bai yi min alkawarin gurbi a makaranta ba, kuma na ƙara ganin girmansa a kan haka. Ya gaya wa yaran shekara biyar ce ke gabansu idan an ɗauke su, huɗu na karatun digiri, sannan 'yan ruwa su gangara kwalejin sojan ruwa ta Onne a Jihar Ribas. Ya ce a Amurka ɗaliban jami'a masu shirin zama hafsoshi a cikin jiragen yaƙi suke yin wani ɓangare na hutun bazara, su kwana su tashi da ma'aikatan jirgin. Abin da yake yi a nan, in ji shi, share fage ne kawai, don kogi ba ya koyar da jiri da aman da igiyar teku ke sawa.

Inda raina ya ɓaci shi ne rigar kariya. Guda shida ce ga yara goma sha ɗaya, biyu ma igiyarsu ta tsinke an ɗaure da tsumma. Ranar da suka fita tsakiyar kogi a jirgi mai inji, karɓa-karɓa aka yi. Na faɗa masa a gaban idonsa, ya ce tsada ce. Ban karɓi wannan uzuri ba, kuɗin yaro ɗaya ya isa sayen wasu. Ɗakin kwanan kuma sauro kamar a gonar shinkafa, duk mai kai ɗansa ya haɗa shi da gidan sauro. Abinci babu laifi, tuwo da kifi ɗanye kusan kullum.

Baɗi ƙaninsa zai je, amma rigar kariyarsa zan saya masa da kaina tun daga gida.