Masu kargon da sunka kai ma ƙanwata kayan jego Ingila

Sai da na bari zuciyata ta huce kafin in rubuta wannan, don da a ranar da abin ya faru na ɗauki waya wallahi abin da zan rubuta ba zai karantu ba. Ba zan kama sunan kamfanin ba, amma duk wadda ke tura kaya waje daga Birnin Kebbi ta san irinsu, masu karɓar kaya nan su auna a kilo, su haɗa a mota ta bi Jega, Koko, Yauri har Legas, daga can jirgi ya ɗauka.

Autarmu ce ke Bradford, shekara biyu ke nan, maigidanta nas ne a wani asibiti can. Yaronsu guda, wata 7 gare shi sanda sunka tafi, yanzu ya zama ɗan ƙiriniya na gaske, Inna ba ta kiranshi da komai sai mijina. Ga ciki kuma ya tsufa, tsakiyar Janairu anka ba ta. Haihuwar fari gida ta zo, kwana arba'in cur tana ɗakin Inna, tukunyar wanka ba ta sauka bisa murhu, ganyen dogon yaro safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama da yaji, ko tsinke ba ta ɗauka ba. Wagga kuwa ita kaɗai ce da Allah. An fara maganar Inna ta je mata da bizar ziyara, wadda iyakarta wata 6, sai hawan jininta ya tashi likita ya ce a bar maganar tafiya tukun. Maigidan hutun sati biyu kawai za su ba shi in ta sauka, daga nan ya koma aikin dare. Shi kuma yaron sai ya cika shekara 3 zai samu awa 15 na makarantar rainon nan kyauta a sati, kafin nan in kana so ka biya da kanka, kuɗin kuma ba na marasa ƙarfi ba ne. To kun ga dalilin da ya sa Inna ta ce tunda ƙafarta ba ta zuwa, hannunta zai je.

Sati uku muna haɗa kaya. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, tsamiya, zogale, ƙuli-ƙuli, daddawa mai kyau da wata ƙawar Inna ta aiko daga ƙauye, kifi banda da yayanmu ya sayo a Yauri da kanshi. Yajin jego Inna ta zauna bisa tabarma ta sa anka daka gabanta, citta, masoro, kanumfari, kimba, tana ɗanɗanawa tana cewa a ƙara kaza. Garin kunu kuwa shi ne babban zancen. Gero ta zaɓa, anka surfe, anka wanke, anka shanya kwana biyu tana zaune da sanda tana korar kaji, sannan anka kai inji. Har rigima sunka yi da surukinta a waya kan kanwa, yana ce mata Inna a rage, tun binciken da likitoci sunka yi a Zariya an san yawan kanwa da tsananin zafi na taɓa zuciyar mai jego, ita kuma ta ce mashi ɗan nan ni guda tara na haifa kuma ga ni. Daga baya dai a ɓoye ta rage, ta ƙulla kanwar daban a ƙyalle ta ce in ta ga dama ta sa.

Ni na shirya kayan da hannuna, ku riƙe wannan. Kwali biyu na yi. Babba na abinci, ƙarami na turaren wuta da humra kwalba uku da zannuwan goyo da majanyi da 'yan kayan jariri. Duk macen da ta san humra ta san ba a haɗa ta da abin ci ko da a ɗaki guda ne balle kwali guda. Na rubuta da maka bisa kowanne, na kuma faɗa ma yaron da ke aunawa da bakina, sau biyu, kar a haɗa. Ya ce haba Hajiya, mu fa aikinmu ke nan. Na tambayi ogan nasu maganar kilishi da man shanu, don Auta ta ce min ta ji ana cewa ba su shiga, ya yi dariya ya ce Hajiya wannan dokar ta masu tafiya da jaka ce, mu muna da hanyarmu, kullum muna kaiwa. Na yarda. Kuɗin kilo kun san yadda ya koma, ban ko yi ciniki ba na tura mashi, ya ce kwana 10 zuwa 14 kaya na ƙofar gidanta.

Wannan a tsakiyar Nuwamba ne. Kwana 14 sunka wuce, shiru. Na kira, kaya na Legas. Bayan sati, kaya na Legas, jirgi ne ya cika. Wani satin, kaya sun tashi. Da na ce a ba ni lambar bibiya sai anka turo min hoton wata takarda da ba a ganin rabin rubutun. Daga nan sai anka koma cewa ai Kirsimeti ce ta matso komai ya tsaya can, kamar ba tun kafin a fara jin ƙamshin Kirsimeti na kai kayan ba. Ita kuma Auta kullum sai ta kira, kuma kun san lokacin sanyi mun fi su da awa ɗaya, muna shirin magariba nan ita tuni duhu ya rufe ta, don kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi can a Disamba. Tana zaune da rigar sanyi cikin ɗaki, ƙafafu sun kumbura, yaro na hawa bayanta yana ja mata ɗankwali, abin da za ta ce kawai Yaya miyar kuka nike so. Akwai shagunan 'yan Pakistan kusa da su, nama halal ba matsala, shinkafa, attarugu, har doya da manja tana samu a shagon 'yan Afirka, amma daddawarmu ta gida da kuka mai kyau sai dai ta yi mafarki. Mai ciki kuma in ranta ya biya ma abu kun san sauran.

Kwana 41 kayan sunka yi. Ranar da sunka iso ta kira bidiyo, muka taru ni da Inna da yara bisa tabarma guda muna leƙen waya, baki har kunne. Abin da na fara lura da shi, kwali ɗaya ne. Ƙato, an naɗe shi da salatif baƙi, ba nawa ba. Gabana ya faɗi amma ban ce komai ba saboda Inna. Maigidan ya sa wuƙa ya yanka, yana ɗaga murfin ya ja da baya, Auta ta toshe hanci ta ce Yaya mi kunka sa a ciki haka. Ashe a Legas sunka buɗe kwalayena biyu sunka juye a guda, wai don a rage girma. Sun cire tsumman da na naɗe kwalaben humra da shi, sun jera su a tsaye bisa ledar garin kunu, sunka danne da kifi. Guda ta fashe, guda murfinta ya saki. Sati shida humra na tsiyaya a hankali cikin garin da Inna ta yi kwana biyu tana gadi. Da ta ɗago ledar a kyamara garin ya dunƙule ya yi launin ƙasa-ƙasa, yana maiƙo. Zannuwan goyo sababbi fil, atamfa mai tsada, duk sun yi taswira, gefe mai, gefe jan yaji don ledar yajin ma ta huje. Yajin jego kam ya tashi daga aiki, barkono da ƙamshin amarya.

Inna ba ta yi magana ba. Ta dai kalli wayar, ta ce to Allah ya sa haka ya fi alheri, ta tashi ta shiga ɗaki. Ni na san ba alwala ta je yi ba. Wallahi da kuɗina ne kawai sunka salwanta da ban damu haka ba.

Abin dariya abin haushi, Auta don kar ran Inna ya ɓaci sai da ta tankaɗe gefen da ya yi dama-dama ta dama kunu washegari. Ta ce kurɓa ɗaya ta yi ta ji kamar ta lashi wuyan amarya, sai amai. Maigidan ya kwashe duka ya kai bola. Kuma har yau falon nasu ƙamshi yake, kafet ya sha, ga shi gidan haya ne, ga taga ba ta buɗuwa sosai saboda sanyi.

Amma tsakani da Allah ba zan danne gaskiya ba. Wanda ya kawo kayan can ɓangarensu mutumin kirki ne, wani dattijo Bahaushen Gana, hawa na uku suke kuma babu lif, shi ya ɗauko kwalin bisa kafaɗa har cikin falo, da ya ga halin da take ciki ya ce ƙanwata zauna kar ki taɓa komai. Da ya ga ɓarnar shi da kanshi ya ɗauki hotuna ya ce zai tura ma ofis, ya yi ta ba da haƙuri kan laifin da ba nashi ba. Sannan abin da na zuba a robobi masu murfi duk ya tsira, kuka, kuɓewa, karkashi, daddawa, tsamiya. Kifin ma da anka shanya shi kusa da hita kwana biyu ya ciwu. Daren nan ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, ta turo min bidiyon mijin Inna zaune a kujerarshi ta cin abinci, yaron da ba shi cin komai sai biskit da yogot, ya tsoma hannu biyu cikin miya, ya shafe fuska har gira, yana miƙo kwano yana cewa ƙari da turancinshi. Inna ta kalli bidiyon nan ya fi sau goma. A lokacin na ce a raina to ai shi ke nan, an yi asara an kuma ci riba, in bar su da Allah, har na fara tunanin in ce ma mutane a yi amfani da su amma a zuba komai a roba.

Sai da munka zauna lissafi da takardar da na rubuta kayan sannan raina ya sake ɓaci. Babu kilishi, babu man shanu. Na kira ogan, ya ce kwastam na can sunka cire. To ni yanzu na sani, dokar Ingila ta hana shigar da nama da duk abin da anka yi da nono daga ƙasashe irin namu, ko a jaka ko a aike, kilishi nama ne man shanu kuma nono ne, ba wata hanya. Ke nan ya sani sanda yake min dariya, ya karɓi kuɗin kilonsu ya sa aljihu. Kuma in kwastam ne sunka cire, ina takardar? Babu. Kwalin da ya isa Bradford salatif ɗin Legas ne a jikinshi, ba alamar wani ya sake buɗewa. Ƙuli-ƙuli ma leda uku na sa, biyu sunka isa, ko shi ma nama ne oho. Ban ce wani ya ci ba, ban gani ba, amma ni ba yarinya ba ce.

Sai kuma wani kuɗi da sunka karɓa hannun maigidan kafin su sauke kaya, wai na kai wa gida tunda ba Landan ba ne, bayan nan ce min anka yi har ƙofa. Shi mutum ne mai kunya, ya biya bai faɗa ba, sai a bakin Auta na ji.

Na je ofishin da kaina da hotuna a waya. Yaron da ya ce min aikinsu ke nan ya sunkuyar da kai yana ta danna kalkuleta. Ogan ya ce Hajiya ai kin san hanya, kaya sai da haƙuri, laifin yaran Legas ne, in zan sake turawa zai rage min wani abu a kilo. Ko a jikinshi. Na ce ba ragi nike so ba, kuɗin kilon kilishi da man shanu da ka san ba su shiga za ka mayar min, garin Inna kuwa ba ka da abin biyanshi. Ya ce zai yi magana da Legas. Yau kwana tara.

Yanzu dai Auta ta samo garin gero a shagon Indiyawa, bajra suke ce mashi, ta ce ba laifi amma ba ɗaya ba. Jakar asibiti na bakin ƙofa, kujerar mota ta jariri an ɗaura, wata 'yar Gusau da sunka haɗu a masallaci ta ce za ta riƙe mata yaron ranar da naƙuda ta tashi, Allah ya saka mata. Turaren wutan da ya tsira ma ba ta iya kunnawa da gawayi, ranar da ta gwada na'urar hayaƙi ta dinga ihu har maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ƙofa, sai dai kaskon lantarki. Inna kuwa jiya na iske ta ta sa an sake auno gero tiya biyu, ta ce wani ɗalibi ɗan unguwarmu zai koma ƙarshen wata, ko kilo uku ne a roƙe shi ya sa a jakarshi.