Gargaɗi ga Masu Neman Kyamarar Shiga Ruwa Domin Iyali

Ina rubuta wannan gargaɗi ne domin iyaye da magidanta masu niyyar sayen ƙaramar kyamarar dijital wadda ake iya shiga ruwa da ita, irin wadda ake miƙa wa yara ba tare da fargaba ba idan an je wurin ninƙaya ko bakin teku, ko kuma idan ruwan sama ya kece ana tsakiyar ɗaukar hoto. Akwai wani salon damfara da ya kafu a kan wannan kaya musamman, kuma na faɗa cikinsa da ƙafafuna, duk da cewa ina ganin kaina mutum ne mai bincike kafin ya fitar da kuɗi. Ba zan ambaci sunan shafin da ya cuce ni ba, domin sunan ba zai amfani mai karatu da komai ba. Masu wannan sana'a suna sauya suna kamar yadda ake sauya riga, amma hanyar da suke bi ɗaya ce, ita kuma nake so a gane.

Da wani ɗan bidiyo na talla a kafar sada zumunta abin ya fara. An nuna hannu yana tsoma wata jar kyamara cikin tafkin ninƙaya, sannan aka nuna hotunan yara a ƙarƙashin ruwa, tas da su, har ana iya ƙirga kumfar da ke fita daga hancinsu. A ƙasan bidiyon an jera alƙaluma masu ɗaukar hankali: megafiksel 48 (wato ma'aunin yawan ɗigogin da ke haɗa hoto), bidiyo mai ingancin 4K, ikon jawo abu kusa har sau 16, ga kuma rubutu da manyan baƙaƙe cewa ruwa ba ya shigarta. A gefe an sanya agogo yana ƙirga sa'o'in da suka rage kafin rangwamen ya ƙare, farashin kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake sayar da sanannun kyamarori na wannan aji ba. Na aika wa mai shafin tambaya guda ɗaya, wato zurfin mita nawa take jurewa, sai ya amsa mini da cewa, "Yallaɓai, ka kwantar da hankalinka, ko a cikin teku ka kwana da ita babu abin da zai same ta." Na karanta wannan amsa na ji daɗi, ban lura da cewa na nemi lamba ne aka ba ni daɗin baki ba. Daga nan ya ce idan na tura kuɗin kai tsaye zuwa asusunsa, maimakon in bi ta tsarin biyan kuɗi na dandalin, zai ƙara rage mini wani abu. Kwaɗayin wannan ɗan ragi ne ya raba ni da kariyar da nake da ita, domin kuɗin da aka tura kai tsaye babu wani mai shiga tsakani da zai riƙe shi har kaya ya iso.

Kayan ya iso, kuma wannan ne ya sa damfarar take da wuyar ganewa, domin mutum yana tsammanin ɗan damfara shi ne wanda zai karɓi kuɗi ya ɓace. Kwalin yana da ƙyalli, amma babu sunan kamfanin da ya ƙera, babu adireshi, babu lambar shaida ta musamman a jikin kyamarar. Ja ce kamar ta cikin bidiyon, sai dai da na ɗaga ta na ji ta shafal kamar abin wasan yara. Ƙofar batir ɗinta da ɗan maƙali guda take rufuwa, robar da ke zagaye da bakin ƙofar kuma siririya ce, ta ɗan ɗago a kusurwa ɗaya. Na kunna ta, ta ɗauki hoto a cikin ɗaki, na ce to ai tana aiki, na mayar da ita cikin kwali ina jiran ranar da za mu fita da yara. Takardar da ta zo da ita ta ce ana iya mayar da kaya cikin kwana 7, mu kuwa sai bayan mako 5 muka sami zuwa wurin ninƙaya.

Ruwan da ɗiyata ta shiga da ita bai wuce ƙuguna ba. Ba a yi minti 10 ba ta kawo mini ita tana cewa allon ya yi hazo. Na duba na ga raɓa ta kwanta a bayan gilashin allon, wasu layuka masu launi suka fara gilmawa, sannan ta mutu gaba ɗaya. Da na goge ta na buɗe ƙofar batir, ɗigon ruwa ne a kwance a kan ƙarafunan da batir yake taɓawa. Na rubuta wa mai shafin, ya amsa cikin ladabi cewa wa'adin mayar da kaya ya wuce, kuma garantinsu bai shafi lalacewar da ruwa ya jawo ba. Na sake karanta wannan jimla sau uku. An sayar mini da kyamara a kan cewa ruwa ba ya shigarta, sannan aka cire ruwa daga cikin abubuwan da ake ɗaukar alhakinsu. Da na matsa masa, sai ya ce tabbas yaran ne ba su rufe ƙofar da kyau ba, daga nan ya toshe ni.

A nan dabarar take, kuma a ganina an tsara ta da tunani. Wanda ya sayi irin wannan kyamara ba ya tsoma ta a ruwa ranar da ta iso, yana ajiye ta ne sai lokacin hutu ko tafiya, saboda haka ranar da asiri zai tonu tana zuwa ne bayan an rufe ƙofar mayarwa. Idan kuma ta tonu, ɗan damfarar yana da wata gaskiya da zai fake a bayanta, domin ko kyamarar ƙwarai tana shan ruwa idan gashi guda ko ƙwayar yashi ta maƙale a kan robar ƙofa. Shi ya sa kamfanonin gaske suke gargaɗin a duba robar kafin a rufe, kada a buɗe ƙofar da jiƙaƙƙen hannu, a jiƙa kyamarar cikin ruwan daɗi bayan an fito daga ruwan gishiri, wasunsu ma suna ba da shawarar a sauya robar duk shekara. Mai saye ba shi da hanyar tabbatar da cewa ya rufe ƙofar daidai, don haka laifin kullum a kansa yake komawa.

Abin da ya kamata in nema tun farko shi ne lamba. Akwai ma'auni na ƙasa da ƙasa mai suna IEC 60529, wanda daga gare shi ake samun alamar IP da lambobi biyu a bayanta. Ta farko tana nuna kariya daga ƙura, inda 6 take nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan, ta biyu kuma tana nuna kariya daga ruwa. Idan aka ga harafin X a gurbin ɗayansu, ba a bayar da sakamakon gwaji a wannan ɓangare ba ke nan. IPX4 fantsamar ruwa kawai take jurewa, ba a nutsa ta. IPX7 tana jure nutsewa a zurfin mita 1 na tsawon minti 30. IPX8 ita ce ta nutsewa mai ɗorewa, amma ma'aunin ya bar wa kamfani ya faɗi zurfin da tsawon lokacin da ya yi gwaji a kai, don haka ko an rubuta IP68 a jikin kwali, magana ba ta cika ba sai an ga mita nawa da minti nawa. Dalilin wannan ƙididdiga shi ne nauyin ruwa yana ƙaruwa da zurfi, duk mita 10 yana ƙara matsi kwatankwacin na iskar da ke kanmu a doron ƙasa, kuma yaron da ya yi tsalle ya faɗa ruwa da kyamara a hannu yana buga mata matsin da ya fi na zurfin da yake ciki.

Kamfanonin da suka san abin da suka ƙera ba sa ɓoye waɗannan lambobi. Olympus Tough TG-6, wadda ta fito a 2019, an rubuta cewa tana jure zurfin mita 15 na tsawon sa'a ɗaya, da faɗuwa daga tsayin mita 2.1, da sanyin digiri 10 ƙasa da sifili, kuma ƙofar batir ɗinta makulli biyu gare ta. Daga baya na gano cewa ita ce jar kyamarar da ke cikin bidiyon da ya ja ni, an dai dusashe sunan da ke gabanta. Magajiyarta TG-7 ta fito a 2023 da sunan OM System, domin tun 2021 sashen kyamarori na Olympus ya koma hannun kamfanin OM Digital Solutions. Ricoh WG-80 mita 14 take jurewa, Kodak Pixpro WPZ2 mita 15, Fujifilm XP140 mita 25, Nikon Coolpix W300 kuwa mita 30.

Wani abin lura shi ne TG-6 da TG-7 megafiksel 12 kacal gare su, sauran da na ambata kuma suna wajen 16, ikon jawo abu kusa a jikinsu sau 4 ne ko 5. To ta yaya kyamara marar suna, mai rubu'in farashinsu, za ta zo da 48 da kuma sau 16? Amsar ita ce na'urar tana ɗaukar ƙaramin hoto ne ta buɗa shi da lissafi, ta cike giɓin da ɗigogin da ta ƙirƙira, sai girman fayil ya ƙaru amma hoton bai ƙara fitowa ba. Haka ma jawo abu kusa, yanko tsakiyar hoton kawai take yi ta faɗaɗa shi, ba motsin gilasan idon kyamara ba ne. Da yake a kyamarorin shiga ruwa gilasan a ciki suke motsi, ba sa turowa waje, ba a gane bambancin da kallon jiki, sai an jawo abu kusa an ɗauka an duba a babban allo, a ga ko rubutun da ke nesa ya karantu ko ya dagule. Har katin ajiyar hotuna da aka haɗo mini a matsayin kyauta jabu ne. An rubuta gigabayit 64 a jikinsa, da na gwada shi da H2testw, manhajar auna ainihin girman kati, a kwamfuta sai ta nuna cewa abin da yake iya riƙewa da gaske bai kai 8 ba. Irin wannan kati yana nuna kamar yana karɓar hotuna, alhali idan ya cika lalacewa suke yi, wannan kuwa ga hotunan iyali ya fi asarar kuɗi ciwo.

Akwai kuma wani reshe na wannan ha'inci, inda kyamarar ta gaske ce amma tsohuwa, a goge ta a sa ta cikin kwali a ce sabuwa ce. W300 ta fito tun 2017, XP140 kuma 2019, saboda haka wanda ya ce yana da su dal a leda da yawa kuma da araha, a tambaye shi daga ina. Roba tana bushewa ta tsage da shekaru ko da ba a yi amfani da ita ba. A duba kawunan ƙusoshin jikinta ko an taɓa kwance su, a leƙa ramin batir da na caji ko akwai tsatsa ko wani kore-kore ko farin gishiri.

Wanda ya riga ya yi oda, ya ɗauki bidiyon buɗe kwalin tun daga yanke leda, ya gwada lambar shaidar da ke jikin kyamarar da ta jikin kwali da ta takardar garanti, sannan ya sauko da littafin bayanin samfurin daga shafin kamfanin da kansa ya ga ko zurfin da aka faɗa masa shi ne a rubuce. Ya ɗauki hoto ya duba bayanan da ke tattare da fayil ɗin, waɗanda ake kira EXIF, domin a nan kyamara take rubuta sunan samfurinta. Sannan a ranar, ba gobe ba, ya cire batir da kati, ya sa ɗan guntun busasshiyar takarda mai laushi a ramin batir ta yadda ba za ta taɓa robar ba, ya kulle ƙofar, ya nutsa kyamarar a bokitin ruwa na minti 30. 'Yan kumfa kaɗan daga ramukan lasifika ba matsala ba ne, amma kumfar da ke fita a jere daga bakin ƙofa alama ce ta ɓaraka. Bokiti ba ya tabbatar da mita 15, sai dai irin tawa ba za ta tsallake shi ba, kuma da na yi haka da takardar ta fito a jiƙe ina da sauran kwana 6 na mayarwa.

Na kai ƙorafi ga dandalin, aka sauke shafin bayan wasu kwanaki, amma kuɗina bai dawo ba tunda ban biya ta hanyarsu ba. Ba a yi wata guda ba tallar ta sake biyowa ta gabana da sabon suna da sabon tambari, bidiyon nan ne dai na jar kyamara a cikin tafki, agogon rangwamen kuma yana nuna saura sa'a 3.