Sharhi kan wani shagon gyaran injin wanke kwanuka a Sabon Gari

Masu gyaran firji da injin wankin kaya suna da yawa a Kano, amma wanda ya san cikin injin wanke kwanuka sai an tona, domin na'ura ce da ba ta yawaita a gidajenmu ba. Shagon da nake magana a kansa yana Sabon Gari, cikin layin masu kayan lantarki, kuma mai shagon yana zuwa gida ya duba inji a inda yake. Abin da ya sa nake yi masa shaida shi ne ba ya sauya kaya sai ya auna.

Injinmu ya daina ɗumama ruwa yadda ya kamata, kwanuka suna fitowa da maiƙo, musamman waɗanda aka ci miyar manja a ciki, sannan yakan tsaya ya nuna lambar kuskure. A irin wannan hali hita, wato ƙarfen da ke ɗumama ruwan, ake saurin ɗora wa laifi, a ce a sayo sabuwa. Shi kuwa sai da ya zare wuta ya ɗora mitar gwaji a kanta, ya nuna mini cewa hita mai ƙarfin wat 2000 da ke aiki da bolt 230 takan ba da om (ma'aunin turjiyar da take yi wa wuta) 25 zuwa 30 idan lafiyarta ƙalau, kuma tamu tana cikin wannan iyaka. Daga nan ya auna soket da yamma, lokacin da kowane gida ya kunna kayansa, ya tarar wutar ta sauka zuwa bolt 180. Bayaninsa ya gamsar da ni, domin zafin hita yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi, har a bolt 180 abin da take bayarwa bai wuce kusan kashi 60 cikin 100 ba. Inji kuma yana da iyakar lokacin da yake jiran ruwa ya kai digiri 50 zuwa 70, gwargwadon wankin da aka zaɓa, in lokacin ya ƙare ruwan bai kai ba sai ya nuna lambar kuskure.

Bai tsaya nan ba. Ya ciro sensar zafi, wato na'urar da ke gaya wa inji zafin ruwa, wadda ƙididdigarta a mita take sauka yayin da ruwa ke ƙara zafi, ya tsoma ta a ruwan ɗumi muna kallo. Tana aiki, sai dai farin dattin da ruwan burtsatsenmu ke bari ya lulluɓe ta, abin da ke sa ta jinkirin jin zafi. Ya wanke ta, ya goge ɗaya sensar da ke duba dauɗar ruwa ta hanyar haske, wadda idan maiƙo ya rufe ta inji ya dinga tsawaita wanki ba gaira ba dalili. Ya kuma tambaye ni ko ina zuba gishirin inji na musamman da ke hana farin dattin nan taruwa, ya ja kunnena kada a maye shi da na miya.

Shawararsa ita ce a sa sitabilaiza da za ta iya ɗaukar hita, kuma kada a gwada kunna injin da ƙaramin janareta. Ga masu sayen na hannu, ya ce a duba takardar jikin inji, domin na Amurka bolt 120 yake sha, ba 230 irin namu ba.

Inda shagon ya gaza shi ne cika alkawari, domin ya ce bayan Azahar, bai iso ba sai dab da Magariba, kuma bai faɗi kuɗin aiki ba sai da ya rufe inji. Rasit ma sai da na nema. Ba ya ajiye kayan gyara da yawa, yawanci daga Legas yake sa a turo, don haka wanda hitarsa ta ƙone da gaske ya shirya jira, kuma ya daidaita farashi da shi tun a waya.